Daga Sha Tara Sai Biyu

Na taso a Dutsin-Ma ina karanta littattafan soyayya na haya, irin waɗanda ake shimfiɗawa a kan buhu a bakin kasuwa. A cikinsu na koyi yadda duniya take tafiya. Idan iyaye suka hana masoya aure, yarinyar takan kwanta ciwo, a kwashe ta zuwa asibiti, likita ya cire tabarau ya ce zuciyarta ta kumbura, dangi su taru a bakin gado su yi kuka su yafe wa juna. Na yarda da wannan tsari ƙwarai. Shi ya sa da tawa matsalar ta zo ban tsorata ba.

Matsalar ita ce ina son ɗan kawuna, shi ma yana sona, amma Inna, mahaifiyata, ta daina magana da Kawu.

A kan bishiya ne. Da kakata ta rasu, gidan gado da ke wata 'yar unguwa a gefen Kurfi ya zama na Kawu, ita kuma Inna aka bar mata ɗorawar da ke ƙofar gidan. Ba filin ba, bishiyar kaɗai. Duk shekara idan ɗorawa ta nuna, Inna takan tafi Kurfi ta kwana biyu, ta dawo da kalwa ta yi daddawa. Layinmu gaba ɗaya yakan san an fara, ko ba a faɗa wa kowa ba.

Sai aka naɗa Kawu mai unguwa. Ranar naɗin Inna ta fi kowa guɗa, har muryarta ta dushe. Daga ranar ban sake ganin kan Kawu ba. Sauran masu unguwanni sukan ajiye rawani sai Juma'a ko ranar taro, shi kuwa da shi yake zuwa gona, da shi yake hawa bayan babur, an ce ko zazzaɓi yake yi sai dai ya ɗan sassauta shi. Wata shekara aka ce wani babban mutum zai kawo ziyara unguwar, kuma rumfar taro ba za ta zauna a ƙofar gidan ba saboda ɗorawar. Kafin nan Kawu ya taɓa ce wa Inna muddin yana numfashi ba mai taɓa mata ita. Ya sa aka sare ta. Babban mutumin bai zo ba, wakili ya turo, shi ma a tsaye ya yi jawabi ya tafi.

Inna ta ji labari a bakin wata mai kawo mana fura. Ta shiga mota ta je Kurfi, ta tsaya ta kalli kututturen, ta juyo ba ta shiga gidan ba. Daga nan ta koma sayen daddawa a kasuwa. Takan ɗauki kowace ta sunsuna ta mayar, sannan ta sayi wadda ta fara ɗauka, rai a ɓace.

Baba ɗan hatsi ne, ba ya son magana mai tsawo. Ya ce yaron ya yi masa, amma ba zai karɓi gaisuwar aure daga gidan da matarsa ba ta son a ambata ana cin abinci ba. Ya ce mu gyara tsakaninmu, shi yana kasuwa.

Na gwada hanyar littafi. Na kwanta na juya fuska bango, na ce ba na cin komai. Na riƙe har azahar. Ranar ɗanwake aka yi, da mai da yaji da ƙwai.

Shi ɗan kawun nawa maganin dabbobi yake sayarwa, duk ranar kasuwar Dutsin-Ma yakan zo da kwalinsa ɗaure a bayan babur. A littafi saurayi yakan fito daga mota ƙamshin turarensa ya riga shi isowa. Nawa ma warin yakan riga shi, sai dai na maganin tsutsar awaki ne. Tun muna yara muke wasan taubasai, shi ɗan namiji ni ɗiyar mace, don haka baiwarsa yake kirana. Ni kuma tun da aka naɗa ubansa nake ce masa Yarima. Inna ba ta taɓa hana shi shiga gidanmu ba. Takan amsa gaisuwarsa da fara'a, ta cika masa kwano, ta tambayi mahaifiyarsa da ƙannensa har da jakin gidan. Mutum ɗaya ne ba ta tambaya. Idan kuwa hira ta karkata wajen aure, sai ta tuna ta bar tukunya a wuta, ko da ba a hura wutar ba.

Shi ne ya kawo mini fim ɗin a memori, daga wajen masu tura wa mutane finafinai a waya. Na wata ƙasa ce mai nisa, a zamanin da, inda maza suke tara gashi har gadon baya kuma suna tashi sama da takobi. An fassara shi da Hausa. Mutum ɗaya ne yake yin muryar kowa, sarki da kuyanga da tsohuwa, wani lokaci har da doki. Ya raba musu sarautu irin namu: ga Sarki, ga Waziri, ga Sarkin Yaƙi. Akwai wata doguwar baƙar hula da manyan fada suke sawa, ita kuma ya ce mata rawani.

Labarin wani ne da ƙanwarsa, marayu, talakawa. Yayan ya shiga fada yana ƙaramin ma'aikaci, ya yi ta hawa har ya zama Waziri. Ƙanwar tana son Sarkin Yaƙi. Da Waziri ya ga Sarkin Yaƙi zai sha gabansa a wajen Sarki, sai ya ƙulla masa sharrin cin amanar ƙasa. Aka bi shi da dawakai har ya faɗa kogi daga kan dutse. Za a kashe sojojinsa gaba ɗaya, sai ƙanwar ta fito ta ce ita ce ta shirya komai, a kama ta a sake su. Yayan nata ya san ƙarya take yi, amma da hannunsa ya buga hatimin ɗaure ta. Wannan a kashi na sha tara ne. Na yi kuka a wurin har na jiƙa gefen matashi, kuma na ji daɗin kukan, don irin sadaukarwar da nake ganin zan iya ce idan ba ranar ɗanwake ba.

Inna ta riƙa leƙowa ta bayan kafaɗata tana cewa ɓata lokaci ne, tana kuma tambaya wanene wancan mai gemun. Da na gama sai na sa mata memorin a wayarta. Ina koyarwa a wata firamare lokacin, da safe nake fita. Ita kuma da hantsi, idan ta gama shara, takan jingina wayar da tulu ta zauna ɓarar gyaɗa tana kallo. Idan kashi ya ƙare wayar da kanta take wucewa na gaba.

Rana ta biyu ta ce mini mutanen nan ba sa ɓata lokaci, jiya yaro yana sayar da itace, yau ga shi Waziri. Ta ce ta san irinsa. Ban kawo komai a raina ba.

Wata rana na dawo daga makaranta na tarar da ita zaune, gyaɗar tana nan yadda take, wayar a cinyarta.

"Ya tuba," in ji ta.

"Wa, Inna?"

"Wazirin mana. An tuɓe shi. Jiya ya sa an ɗaure ƙanwarshi, yau na gan shi ba rawani, riga duk faci, suna zaune gindin itace yana ɓare mata wani abu kamar lemo. Har ya cire takalminshi ya ba ta."

Na san wurin. A kashi na biyu yake, tun suna talakawa, tun bai san hanyar fada ba.

"Ita kuma an sako ta?" na tambaya, don in ji iyakar abin.

"Ga ta kuwa. Har ta yi ƙiba."

"Sarkin Yaƙin fa? Ba ya faɗa kogi ba?"

"Ya fito. Su waɗannan ai ruwa ba ya cin su. Ya yi aski ma, ya koma yaro."

Na karɓi wayar na duba. Ni lokacin da nake kallo da hannu nake zaɓen kowane kashi. Ita wayar Inna ta jera su yadda ta ga dama: ɗaya, sai goma, sha ɗaya, har sha tara, sannan biyu. Duk abin da ya fara da ɗaya sai ta gama da shi kafin ta taɓa biyu. Bayan biyun kuma ashirin ne ke jira.

Inna ta ɗauki gyaɗa guda ta ɓare, ba ta ci ba. Ta ce, kamar ba da ni take ba, "Ko da faɗa bai ba ta haƙuri ba. Lemon kawai ya ɓare."

Washegari ranar kasuwa ce, ranar da Inna ba ta samun zaman kallo. Na tare Yarima a zaure kafin ya shiga gaisuwa, na faɗa masa. Ya yi dariya har ya dafa bango.

"To sai mi?" ya ce. "Ki bar ta."

"Ba haka labarin yake ba. Ba a yafe wa mutum bai durƙusa ya yi kuka ba. Ka taɓa ganin littafin da aka yi haka?"

"Ni littafin da na sani na allurar shanu ne. Baiwa, ki rufe bakinki. Gwaggo ta kama hanyar Kurfi da ƙafarta, ke kina son ki tare ta da lissafi."

"Bayan biyun ashirin ne, Yarima. A ashirin yake sa a ƙone ƙauye."

Ya daina dariya. "Da rawanin?"

"Da shi."

"Cire memorin ki ce ya lalace."

"Ka shiga ka cire da kanka, tunda gidanku aka saba cire abin mutane."

Ya ce wannan maganar ta fi ƙarfin baiwa, zai sayar da ni ranar kasuwar Kurfi, kuma ya san ba za a taya ba. Muka tsaya a nan, ba wanda ya cire komai. Da ya shiga gaisuwa Inna ta cika masa kwano kamar kullum, ta tambayi mahaifiyarsa da ƙannensa da jaki. Sannan ta ce, "Sauran mutanen gidan fa?" Ya ce lafiya lau. 

Na kwana da tunanin ashirin. Da safe kafin in fita na zauna kusa da ita na yi mata bayani a hankali, yadda nake yi wa 'yan aji biyu. Na ce biyu kafin sha tara take, abin da ta gani shekaranjiya farkon labari ne, ba ƙarshe ba, wayar ce ta hautsina su.

"Ni ba lissafi nake kallo ba," ta ce. "Tafi kada ki makara."

Ranar na koyar da jam'i da tilo, ban san abin da na faɗa ba. Ina dawowa na same ta tana tankaɗe, fuskarta ba yabo ba fallasa. Na ajiye jaka ban tambaya ba.

"An mayar mashi," ta ce.

"Da me?"

"Da rawanin. Yana sawa ya sa aka ƙone gari guda, har da rumbuna." Ta buga gefen rariya. "Jiya mutum kamar mutum. Ashe rawanin ne."

Na buɗe baki zan sake maganar lissafi, na tuna Yarima, na rufe.

Memorin ya tsaya a kashi na ashirin da tara, don lokacin ba a gama fassara sauran ba. Inna ta bi Waziri yana ɗaure mutane yana ƙwace gonaki har can, tana tsaki. Daga nan wayar ta faɗa kashi na uku. Ga shi kuma kai a buɗe, yana goye da ƙanwarsa za su haye rafi. Inna ba ta yi mamaki ba. Ta ce an sake tuɓe shi, kuma ga shi nan ya sake zama mutum, magana ta tabbata. Ta kashe wayar ta ce in goge mata mayafinta mai ruwan ƙasa, gobe Asabar za mu Kurfi.

Na shirya sosai. Na san me ake yi a irin wannan rana, don haka na sa hankici biyu a jaka, ɗaya nawa ɗaya na wanda ya fara buƙata. A mota na riƙa tsara yadda za a yi: Kawu zai miƙe, sandarsa ta faɗi, ya ce ƙanwata, ita ta ce yayana. Inna kuwa farashin tumatir take tambayar matar da ke kusa da ita.

Mun isa bayan azahar. Kawu yana ƙofar gida a kan kujera, cikin rana, don babu inuwa a wurin yanzu. Wasu dattawa biyu suna gabansa a kan maganar akuya da ta shiga wake. Kututturen yana gefe, an ɗora buta a kai. Da ya ga Inna sai ya tsaya a tsakiyar magana.

"Auta," ya ce. Haka yake kiranta, ita ce ƙaramarsu.

"Yaya, shigo zaure."

Ya sallami masu akuya ya biyo mu. Yarima ya fito daga cikin gida, ya gan mu, ya lafe a bakin ƙofa kamar an jingina shi. Inna ta zauna a tabarma ba ta jira an ce ta zauna ba.

"Cire rawanin," ta ce.

"Mi?"

"Rawanin. Cire shi."

"Auta, ni fa mai unguwa ne."

"Shi ya sa ban ce ka cire a waje ba."

Ya dube ni, ya dubi ɗansa. Ba wanda ya taimake shi. Sai ya kai hannu ya fara warwarewa. Ban san rawani yana da tsawo haka ba. Ya yi ta zagaya hannu yana tara shi a cinya, zauren shiru, sai kukan akuyar da ake shari'a a kanta daga waje. Da ya gama, saura hula.

"Har ita."

Ya cire. Kan ya yi sanƙo, ya fi fuskar haske nesa ba kusa ba, kamar na wani aka ara masa. Sama da kunnen hagu akwai tabo mai tsawon yatsa. Na san labarinsa tun ina ƙarama: Inna tana yarinya ta yi kukan garin ɗorawa, shi kuma ya hau ya tsinko mata, reshe ya karye da shi.

Inna ta daɗe tana kallon tabon.

"To, kai ne," ta ce. "Da kai na zo magana. Wancan mai rawanin ya sare mani ɗorawar uwata bayan ya ce ba mai taɓa ta. In ka gan shi ka faɗa mashi ban yafe ba."

Kawu ya dubi tulin rawanin da ke cinyarsa. "Zan faɗa mashi."

"Yana jin magana?"

"Bai cika ji ba."

"Na sani. Kai kuma ɗanka yana son ɗiyata. Ka aiko wajen ubanta."

"To."

Na jira. Hannuna yana cikin jaka a kan hankici. Ba wanda ya durƙusa, ba wanda ya ce ƙanwata. Kawu ya shafa kansa kamar yana mamakin iskar da ke taɓa shi. Inna ta tambaya ko an gyara katangar bayan gida da ta zube, ya ce an gyara ta sake zubewa.

Aka kawo tuwon dawa da miyar kuka. Suka ci a kwano ɗaya, abin da ban taɓa gani ba. Inna ta kai loma ɗaya ta ce daddawar nan ta kasuwa ce, kuma ba ta da kyau. Kawu bai ɗago ba. Ya ce tun daga waccan shekarar bai ci miya mai daɗi a gidan nan ba. Inna ta ce ai kuwa ba zai ci ba. Ta tura masa tsokar naman da ke gefenta.

Da za mu tafi Yarima ya raka mu bakin titi yana tura babur. Ya matso ya ce mini a hankali an fasa sayar da ni, za a riƙe ni a gida. Na ce ya fara wanke hannu da sabulu tukuna.

An ɗaura aure bayan kaka. Kawu ne ya karɓa wa ango, da rawaninsa har da sabon guga, amma wannan a waje aka yi cikin maza, Inna ba ta gani ba. Har yau idan ya zo Dutsin-Ma yakan tsaya a zaurenmu ya warware shi ya cusa a leda, sannan ya yi sallama. Idan ta je Kurfi ta same shi a kujera yana shari'a, takan wuce shi kamar ba ta san shi ba, ta shiga ciki ta jira yayanta. Ba ta sake yin daddawa ba. Ya taɓa aiko mata da kalwa daga wata gona a wajen Wurma, ta ba maƙwabta.

Hidimar biki ta sa ta ajiye fim ɗin, sai da na tare a Kurfi ta koma kansa. Wayar ta kai ta huɗu, biyar, har tara, wanda shi ne na ƙarshe a jerinta. A kashi na tara ne ake naɗa wa yayan sarautar Waziri. Ana buga tambura, Sarkin Yaƙi yana rungume shi, ƙanwar tana tsalle a cikin taro. Ina wanke kwanuka ta kira ni a waya.

"Na gama," ta ce. "Ƙarshen ya yi kyau, kowa na raye. Amma wane marar hankali ne ya sake ba shi rawani?"

Na ce ban sani ba, Inna.

"Ita kuma ƙanwar har da tsalle." Ina jin kaji a bayanta. "Allah sarki. Mi kika dafa wa yaron?"